Aka Rushe, Ba Suka Rushe Ba

Kafin in gaida kowa, ga gargaɗi. An ce za a buga jawabin nan a raba wa jama'a. Kai da zai faɗo hannunka, ka karanta shi duka ko ka ajiye. Kai kuma mai bugawa, kada ka gyara mini kalma ko ɗaya. Gyaran kalma ne ya tara mu a nan.

Assalamu alaikum. Mai girma wakilin gwamnati, mai girma Daraktan wannan gidan tarihi, malamanmu, abokan aikin marigayi masu zane da sassaƙa, 'yata matar marigayi da 'ya'yansa uku, sai ku maƙwabtana na tsohuwar unguwa da kuka turo ni in yi magana da yawunku, ina gaishe ku. Ku yi mini haƙuri, a zaune zan yi. Gwiwoyina sun gaji, ni ma haka.

Mu Mai Ƙofofi muke ce masa. Ga waɗanda ba su san dalili ba: shekara tara ke nan katafila ta shigo unguwarmu da hantsi, kafin la'asar ba gini ɗaya a tsaye. Washegari ina tsintar tukwanena cikin ɓaraguzai, sai ga ɗan maƙwabciyata, wanda na sha ja wa kunne yana ƙarami, ya ɗora ƙofar ɗakina a ka.

Na ce, “Kai, ɗan nan! Sata da rana tsaka, a gaban mai kaya?”

Ya ce, “Aro ne, Inna. Wurin aikinmu zan kai ta, mutane su gani.”

“Su ga me? Dattin hannun yara? Sauke ta in wanke tukuna, kada ka kunyata ni.”

“Inna, in kika wanke ta kin gama da ni. Dattin nake so.”

Haka ya tafi da ita, da zanen fensir inda nake auna tsawon 'ya'yana, da ƙunar dutsen guga, da jan fentin da ma'aikata suka shafa mata. Ƙofa arba'in da ɗaya ya tara, ya jera su a zauren nan, kowace a tsaye ba bango ba ɗaki. Ni ban yi karatun zane ba, a sakandare na tsaya. Amma na ga dattijon da bai yi kuka ranar rusau ba ya riƙe mariƙin ƙofarsa a nan yana shessheƙa.

Ya kasance mai ladabi, ba ya wuce babba bai rusuna ba. Ya kasance mai tsare aikinsa, hoto in ya karkace sai ya sauko da shi ya sake rataye shi. Ya kasance kuma mai taurin kai, ba zan ɓoye ba don ya mutu.

A bakin zauren ya kafa ɗan allo: “Ƙofofin gidajen da aka rushe.” Kwana uku da buɗewa aka aiko daga sama cewa ƙofofin ba laifi, har an yaba, allon kawai za a gyara. A rubuta “gidajen da suka rushe.” Kun gane? In an ce aka rushe, yaro zai tambayi malaminsa wa ya rushe. In an ce suka rushe, to ruwan sama ne, ko tsufa, ko sakacinmu. Ya ƙi. Aka rufe zauren da sunan gyara, shi kuma aka mayar da shi aiki a sito, ɗakin da ba taga, yana kaɗe ƙura. Shekara bakwai ya yi a can yana tari.

Yanzu sai nawa laifin. Matarsa ta zo mini da kuka, na yafa mayafi na same shi a siton nan.

Na ce, “Kalma ɗaya ce fa. Kana da iyali. Ka rubuta musu abin da suke so, Allah ya san gaskiya.”

Ya ba ni kujera, ya tsaya. Ya ce, “Inna, kina wurin. Gidanki rushewa ya yi?”

Na ce, “Ba gardama na zo yi da kai ba.”

“To in kin ce rushewa ya yi, yanzu zan rubuta.”

Na kasa cewa. Na kuma kasa yafe masa da ya sa na kasa. Na fita ban yi sallama ba, shekara biyu ina amsa gaisuwarsa da ka.

Yau gwamnati ta sauya, an buɗe zaure, an sa masa sunan marigayi. Mun gode. An kuma aiko mana da takarda, mu masu ƙofofi, mu sa hannu mu bar su a nan har abada. Da safen nan na riga kowa zuwa, na sa tabarau na karanta sabon allo. “Gidajen da suka rushe.” Ƙarƙashinsa sunan mamacin, da ruwan zinariya.

Na nuna wa Darakta. Ranka ya daɗe, ba tozarta ka nake yi ba, amma ka tuna abin da ka ce mini: “Kuskure ne ya faru, Hajiya.” Kuskuren ma da kansa ya faru ke nan.

Mun gaji. Mun gaji da taro, mun gaji da kujerun roba da lasifika da alkawari. Ba za mu yi zanga-zanga ba, ƙafafunmu ba za su iya ba. Takardarku tana cikin jakata, ta sauran arba'in ma tana wurina. Ranar da aka mayar da kalmarsa, ku aiko a karɓa da sa hannunmu. In ba za a mayar ba, ku cire sunansa daga allon, mu kuma mu zo da amalanke kowa ya ɗauki ƙofarsa.

'Yata, ki yafe mini. Kin zo neman uwa, na je na ƙara wa mijinki nauyi. Ku kuma 'ya'yansa, za ku ji ana cewa babanku ya kashe kansa a kan kalma ɗaya. Kada ku sunkuyar da kai. Mu arba'in da ɗaya mun san abin da ya tsare mana.

Na gode wa duk wanda ya zo. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi ɗaki mai iska da haske, ya raya abin da ya bari. Amin.

Saura ku nawa, 'ya'ya da jikoki da ke can baya kuna latsa waya. Ku ɗago. Daga yau a gidana ba a cewa kofi ya fashe, ba a cewa abinci ya ƙone, ba a cewa mabuɗi ya ɓata. Wanda ya zo ya ce “Ni na fasa,” ba zan ɗaga masa murya ba. Wanda ya ce mini “ya fashe,” zai zauna gaban fasassun har sai ya tuna a hannun wa.