Malam Uwaisu da Ihun Ranar Talata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe Hakimi, Allah shi ja zamaninka. Malam Liman, Allah shi gafarta malam. Shugaban makaranta da 'yan'uwana malamai. Kaka Adawiyya, mahaifiyar mamaci. Malama Humaira, uwar ɗiyanshi. Rumaisa da Yusufu. Dangi da kunka taso daga Wurno tun da safe, da mutanen Goronyo, da ku ɗalibai. Ina yi muku gaisuwar rashi, ina kuma yi ma kaina.

Sunana Gambo. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a ajin da ke jikin na Malam Uwaisu Ɗahiru. Bango guda ke tsakaninmu, bangon ma bai kai rufi ba, don haka duk darasin Hausa da yab bayar ni ma na sha shi kyauta. Shi ya sa anka ce in yi magana yau, kwana arba'in da rasuwarshi.

Ya kasance mutum mai riga kowa zuwa, ko da ruwa ya ɓata hanya. Ya kasance in yaro ya bar zuwa makaranta ba ya aika takarda, babur yake hawa shi bi shi har fadama, shi iske shi cikin albasa. Ya kasance mai gyara ma kowa Hausa, har shugaban makaranta bai tsira ba, ga shi nan zaune shi ƙaryata ni.

Akwai wani ɗan labari da yar rubuta da hannunshi, shafi ukku kacal, yana koyar da shi duk shekara. Yara ukku sunka buɗe bakin ruwan noman rani don su kama tarwaɗa, ruwa yac cinye irin albasar wani tsoho. Tsohon yak kama maƙwabcinshi da faɗa, yara na laɓe suna ji. Nan Malam Uwaisu kan rufe takarda shi ce, "To, kai in kai na, mi za ka yi? Sai gobe." Har yara sunka laƙa mishi suna Malam Sai-Gobe. Ya sani, bai taɓa nuna ya sani ba.

Jama'a, kun san abin da yaf faru ranar wata Talata, watanni biyu da sunka wuce. Wani yay yi ihu bayan azuzuwa, "Ga su nan! Ga su nan!" A ƙasarmu ba a tambayar su wa. Makaranta tat tarwatse. Mas'uda 'yar aji huɗu tad diro ta taga, tak karye a ƙugu, har yau da sanda take tafiya. Babu ɗan bindiga ko guda, wasan yara na.

Amma mu manya ba mu ɗauke shi wasa ba. Munka ce gwaji anka yi, infoma na ke son shi ga yadda makaranta za ta watse. Sai munka duba wa ke da dangi a daji, idonmu yaf faɗa ma Bilyaminu, ɗan Fulani guda da ke aji shida. Ba wanda yag gan shi yana ihun. Anka hana uwarshi Safara'u kawo nono kasuwa. Cikin mako biyu sunka kwashe ya-nasu-ya-nasu, sunka koma wajen dangi a ƙasar Rabah, ga jarrabawar fita ta matso.

Malam Uwaisu bai yarda ba. Yak koma aji yas sake karanta labarin nan, ina jin shi ta bango. Wannan karon bai ce sai gobe ba. Cewa yay yi, "Ɓarna ta yaro ta, kowa ya yi ta. Shirun da ke bin bayanta shi ke kashe mutum. Ina ofis har la'asar." Kwana biyar yana zama har la'asar, ba wanda yaz zo. Ran na shida yah hau babur don shi maido Bilyaminu shi rubuta jarrabawa. Na ce mishi hanyar ba ta biyuwa. Yac ce, "Malam Gambo, in ban tafi ba, wa za shi tafi?" A hanyar anka tare shi. Gawarshi anka kawo muna washegari.

Kaka Adawiyya, ki gafarce ni, yanzu na zo inda ya fi yi mini nauyi. Ɗana Mujaheed shi yay yi ihun nan, don shi tsere ma gwajin lissafi, gwajin da ni na shirya. Ran da Malam Uwaisu yak karanta labarin, yaron yaz zo gida yana kuka, yaf faɗa mini, yac ce za shi ofis. Ni na hana shi. Na ce shi kama bakinshi, na ji tsoron abin da gari za shi yi muna. Darasin ya shiga yaro, ubanshi yat tare ƙofa. Kwana biyar ina wuce ofishin nan ina gaishe da Malam Uwaisu. Da na buɗe baki, da bai hau babur ba.

Malama Humaira, ba ni da fuskar neman yafiyarki yau. Rumaisa, Yusufu, babanku bai mutu don ganganci ba, shirun abokinshi yat tura shi hanya.

Ranka shi daɗe, saura kwana goma sha tara jarrabawa. Ina roƙo a aika da rakiya a ɗauko Bilyaminu, a wanke sunan gidansu a tsakiyar kasuwa inda anka ɓata shi. Ni za ni shiga gaba. Ni da Mujaheed ga mu a hannunku.

Na gode da kunka saurare ni, har da waɗanda ba za su sake gaishe ni ba. Allah shi jiƙan Malam Uwaisu, shi haskaka kabarinshi, shi karɓi shahadarshi. Allah shi raya zuri'arshi, shi ba Mas'uda lafiya, shi kawo muna ƙarshen wanga bala'i. Allah shi yafe muna abin da munka sani munka yi shiru. Amin.

Wassalamu alaikum.