Babur Ɗin Sani da Injin Jirgina

Salamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ne Ɗanjuma masunci daga Yelwa. Shekara arba'in abin nan yana cina.

Ina saurayi na zuba dukiyata a injin jirgi, na ce da budurwata Hassi gini ya jira. Ba ta jira ba, ta auri mai ɗakin kwano a Shanga.

Yanzu ɗan ƙanena Sani ya yi irin nawa. Ya sayi babur, ko tubali bai aza ba. Budurwarsa ta ce, "Yi ta kabu-kabunka, gini na nan tafe." Har fura take aika mai tasha!

Shi ke rubuta min wannan, yana ta dariya. Da mi ya fi ni, tsayi ko kyau? Wasiƙata ta uku ke nan. Yau sai an ba ni amsa!