Taswirar Rugagen Zoza

KAWU: Salamu alaikum. Wa ke magana?

MUNAWWARA: Wa alaikumus salam. Kawu Ja'afar, Munawwara ce daga Karaye. Ina wuni?

KAWU: A'a, 'yar wajen Talatu. Lafiya lau. Ya ƙafar mamanki?

MUNAWWARA: Da sauƙi, Alhamdulillahi. Ya mutanen Zoza? Ya su Goggo? Ya dabbobi?

KAWU: Duk lafiya. Ya ruwa wajenku?

MUNAWWARA: Ruwa ya yi gyara. Kawu, wa ya taɓa shafin ƙungiyarku ta masu nono?

KAWU: Wa ya me? Maganarki na yankewa.

MUNAWWARA: Shafin intanet ɗin da na gina muku. Na zo shiga, na tarar an canza lambar sirri.

KAWU: Oho, ai ɗan'uwanki Yusha'u ne. Ya ce yanzu ba sai mun jira ki ba, akwai wata AI a waya, ka faɗa mata kawai ta yi. Kafin in idar da alwala ya gama. Kin ga hotuna kuwa?

MUNAWWARA: Na gani. Shanu ba tozo ba ƙaho, kamar daga Turai aka koro su.

KAWU: Kin dai ji haushi an yi ba da ke ba.

MUNAWWARA: Haushin me? Ni ma da AI ɗin nake aiki kullum, ta fi ni sauri nesa ba kusa ba. Amma duk abin da ta rubuta sai na bi shi layi-layi, don ita ba ta san Zoza ba, ba ta san yadda ake kwana da kunne ɗaya a buɗe ba. Shi wannan ɗan naka me ya ce mata?

KAWU: Cewa ya yi kamfanin da zai sayi nononmu yana son ya ga ƙarfinmu, don haka ta fito da duk abin da muke da shi.

MUNAWWARA: To ta fito da shi. Ka tuna lokacin rigakafi, da likitan dabbobi ya bi ruga-ruga? Bayanan da ya tattara, a can cikin shafin na kulle su, da gangan. Yanzu ga su a gaban shafi, a kan taswira. Ka danna ɗigo, sunan mai ruga ya fito, da yawan shanunsa, da hanyar da babur zai bi.

KAWU: Ai kamfani ne kawai zai duba.

MUNAWWARA: Kawu, su ɓarayin shanu duwatsu suke riƙewa a aljihu? Wayarsu ta fi taka tsada. Tun yaushe abin yake sama?

KAWU: Tun... ranar kasuwar da ta wuce.

MUNAWWARA: Inna lillahi. Ba ni lambar sirrin yanzu in sauke shi, faɗa ya biyo baya.

KAWU: Ni ina na san ta? Tana kansa.

MUNAWWARA: Shugaban ƙungiya guda, an ba ka amanar garken mutane, makullin kuma yana kan yaron da ko karanta abin bai yi ba? Ba shi wayar.

KAWU: Ya tafi Rogo ɗaurin aure, wayarsa kuma ba caji. Ke, ki rage murya, ni fa yayan uwarki ne.

MUNAWWARA: Shi ya sa kai na fara kira, ban kira Arɗo ba.

KAWU: Kar ki kira shi tukuna. Munawwara... tawa rugar, ita ma tana ciki?

MUNAWWARA: Ita ce ɗigon da ya fi kowanne girma. Ga ta nan bayan rafi. Ja'afar Audu, shanu ɗari da...

KAWU: Kul! Ba a faɗa. Ko Goggonki ban taɓa gaya mata ba.

MUNAWWARA: Ni ce kaɗai na yi shiru, Kawu. Duk mai waya yana karantawa.

KAWU: Zubair! Fito min da babur, ka ce wa yara kar a kwana da shanu a bayan rafi. Ke kuma kar ki matsa daga gaban kwamfutar nan, ko daga tsakiyar masu ɗaurin auren ne sai na jawo...

MUNAWWARA: Kawu? Kawu?