Ranar da Dabo Ya Ƙi Gudu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah gafarta Liman, Sarkin Fawa, Aminatu da yara, jama'ar Bolewa, sannunmu da rashin Dabo.

Ya kasance dillalin da ba ya yabon saniya mai tari. Ya kasance kuma shi ya tsare mana filin ɗaure shanu, shekarar da Di'o, Baturen mulki, ya so filin don wasan kurket. Bature ya ce mu kawo mutum goma sha ɗaya, in bai kayar da mu ba kafin magariba, fili namu ne.

Liman, na ga kana dubana. Kurket fa, sanduna uku ake kafawa. Wani ya sheƙo ya jefo ƙwallo mai taurin goriba, kai kuma ka tare da katako kamar muciya. In ka maka ta, kai da abokinka ku yi ta musayar wuri a guje, ana ƙirgawa. In ta kayar da sandunan, ko aka cafe ta a sama, ka fita. In goma suka fita, an gama da ku.

Kafin azahar mutum tara sun fita. Saura ni da Dabo. Sai ga surukinsa Kaumi, mahaifin Aminatu, ya shimfiɗa buzu a bakin fili.

Dabo ya maka ƙwallo har cikin garke. Na ce, “Dabo, gudu!”

Ya ce, “Jalo, kana da hankali? Gaban Baba?”

Aka kawo shayin hutu, ya ƙi sha. Gaban Baba. Ƙwallo ta same shi a ƙwauri, bai ko sosa ba. Haka ya wuni yana tarewa, ni ina laɓe bayan katakona, har ladan ya kira magariba. Di'o ya yi ja kamar gauta, ya ce ba wanda ya ci, mu riƙe filinmu.

Muka ɗauko Dabo a kafaɗa. Kaumi ya naɗe buzunsa ya ce, “Yaron akwai kunya, amma ba shi da aikin yi.”

Aminatu, mun ga kin yi murmushi, mun gode. Yara, duk dillalin filin nan ubanku ne, ku zo kanku tsaye.

Mun gode wa kowa. Allah ya jiƙan Dabo, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Amin.