Kunnuwan da Injiniya Dallatu Ya Bar Mana Amana

Da sunan Allah da ya ara mana ji da gani, yake kuma karɓar abinsa ran da ya so.

Mai girma shugaban gidan rediyonmu, Oga Thaddeus, malam liman da fasto, shugabannin sassa, uwarmu Hajiya Amatullah, matar marigayi, ɗanmu Fatihu da ƙannensa, abokan aiki. Ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyyar shugaban sashen sauti, Injiniya Dallatu.

Ina jin an zaɓe ni in yi magana ne don na fi kowa musu da shi. Zan yi, tunda yau babu mai ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Khaula, matsa kusa da makirfo."

Ya kasance mutumin da masu sauraro ba su san muryarsa ba, amma duk muryar da ta fita daga gidan nan ta hannunsa ta bi. Ya kasance mai gyara mana sauti, ya gwada gyara mana hali, Allah bai nufa ba. Ya kasance, a garin da kowa ke son a ji shi, shi damuwarsa ko mu muna ji.

Kun san Yamusa, wakilinmu na tashar Utako. Bara muka lura in an yi masa magana ta hagu sai ya juyo da kunnen dama. Muka mai da abin wasa. Injiniya bai yi dariya ba. Ya bi shi tasha, ya tsaya tsakanin hon ɗin motoci da ihun 'yan kamasho, ya gane matsalar: iyafis ɗin Yamusa, wato 'yar na'urar saurare da muke sawa a kunne, bai toshe kunne ba, hayaniya na shiga, shi kuma yana ta ƙara sauti don ya ji situdiyo. Haka wakilanmu ke yi a Dei-Dei cikin rugugin manyan motoci, haka a kasuwar Gudu. Kunnuwansu suke cinyewa, mu muna yaba musu ƙwazo.

Magani biyu ne. Ko a ƙera wa mutum iyafis sukutum daidai da kunnensa, kamar a yanko sabon yadi a ɗinka. Ko a bar waɗanda muke da su, a cire 'yar robar bakin, a zuba wata daidai da ramin kunnen kowa, kamar a kai wa tela riga ya rage. Na farko ya fi daɗin sauti, ya fi zama daram, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. In shi aka zaɓa, kuɗin da aka ware zai ishi manyan masu gabatar da shiri ne kawai, wato mu da ke zaune a ɗakin da ko ƙuda ba ya ƙara. Na biyu zai kai ga kowa.

Ni na farkon na goya wa baya, kuma a kan daɗin sauti har gobe ban janye ba. Malam liman ya gafarce ni, ce masa na yi, "Injiniya, in za ka sha giya, sha ta dubu."

Ya ce, "Hajiya, ke kunnenki a sanyin esi na ofis yake wuni. Kuma wancan da kike so, ran da kika bar aiki ko kika bar duniya, wa zai sa shi? Ko 'yarki ba za ta gada ba, kunnenku ba ɗaya ba ne."

Kabir mai shirin safe ya ce, "Oga, bar zancen mutuwa, ni ko aure ban yi ba."

Injiniya ya ce, "Shi ya sa har yanzu kunnenka lafiya lau."

Hajiya Amatullah, ki yi haƙuri, haka ya faɗa, kuma da ya faɗa sai da ya waiga.

Shi ya yi nasara. Ranar da mai gwajin kunne ta zo ɗaukar awo, ta cusa wa kowa 'yar auduga, ta matsa wani abu mai laushi kamar ƙullu, ta ba ka abin cizo, ta ce kada ka yi magana sai ya daskare. Ma'aikatan rediyo jere a benci, baki buɗe, ba mai cewa uffan. Injiniya ya zagaya mu da hannu a baya, ya ce tunda ya fara aiki bai ga shiri mai kyau kamar wannan ba.

Sai dai aikin bai ƙare ba. Waɗanda ke bakin aiki a kasuwanni ran nan ba a auna su ba, kuma dominsu aka fara. Cikinsu har da Sandra ta Dei-Dei, wadda ta fara cewa "na'am?" sau biyu kafin ta amsa. Kafin a sake kiran mai awon, Allah ya karɓi Injiniya. Tun daga nan muna jin ƙishin-ƙishin cewa za a koma shawarar farko, tunda mai gardamar ya tafi.

Oga Thaddeus, ranka ya daɗe, gardamar ba ta tafi ba. Mu masu gabatar da shiri mun zauna, mun yanke: ba ma son na farkon. Kunnen da ya mutu ba ya dawowa, Yamusa na nan a tambaye shi, amma ta dama. A kira mai awo makon nan. Ba za mu daina tuni ba, kuma ka san makirfo a hannunmu yake.

Fatihu, babanku bai bar muku suna a allon talla ba. Ya bar mutanen da za su ji kiran jikokinsu saboda shi. Ku riƙe wannan, ku riƙe mahaifiyarku.

Jiya Hajiya Amatullah ta aiko da iyafis ɗinsa. Ta zare 'yan robobin, ta ce waɗannan surar kunnen mijinta ce, suna wurinta. Sauran ta ce a ba wanda ke cikin hayaniya. Sandra, taso ki karɓa. Saura awonki.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Allah ya jiƙan Injiniya Dallatu, ya yafe masa kurakuransa, ya ba iyalinsa haƙuri. Yadda ya tsare mana ji a duniya, Allah ya tsare kunnensa daga duk abin firgici, ya jiyar da shi sallamar mala'iku tangaran, ba tare da ya ce a ƙara sauti ba. Amin.