Bencin Baya na Rabaran Apollos

Mai girma Jauron unguwa, Modibbo limaminmu da ya tako har cikin harabar nan, fastoci da dattawan coci, mai girma ɗan takara da tawagarsa da suka cika mana layin gaba, matan zumunta, jama'ar Jambutu Musulmi da Kirista, ina gaishe ku duka. Sai uwarmu Mama Keturah, matar marigayi, da 'ya'yanta. Na duba layin gaba ban gan ta ba, amma na san inda take zaune, zan kuma dawo kanta.

Sunana Baraka, ungozoma ce ni daga Wuro Hausa, kuma Musulma. Wasu sun yi mamaki da aka ce ni zan yi magana a taron tunawa da fasto. Ni ma na yi. Amma Mama Keturah ce ta aiko mini, ta ce, "Adda Baraka, ke ce bakinki ba ya riƙe magana, zo ki faɗa." To ga ni. Wanda maganata ta sosa masa rai, ya yi haƙuri.

Mun san Rabaran Apollos ne shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, mutane suka kwararo Jimeta a ƙafa. Harabar nan ta cika maƙil, har bakin rijiya. Ya kasance mutumin da bai tsaya a ƙofa yana tambayar sunan kowa ba kafin ya buɗe. Washegari ya aika aka kira Modibbo, ya ce, "Nuna mini alƙibla." Ya sa aka share gindin mangwaron can, aka sayo butoci. Wasu 'yan coci suka yi gunaguni, ya ce musu, "Mutumin da ya gudo saboda an ce sai ya yi addini yadda wani yake so, ba zai shigo gidana in ɗora masa irin wannan ba."

A cikin waɗanda suka zo akwai Yusrah. A hanya ta haihu, jini ya ɓalle mata, da ƙyar muka ceto ta a ƙaramin asibitin cocin nan. Likita ya faɗa wa mijinta Zakariya ƙarara cewa idan ta sake ɗaukar ciki nan kusa, gawa za a ba shi. Zakariya bai yi gaban kansa ba, sai da ya je ya tambayi Modibbo, aka ce masa don kare rai ya halatta. Suka zo karɓar allurar tazarar haihuwa. Ranar kuwa Sista Nkechi ce a bakin aiki, 'yar Katolika, wadda ta rufe shagon maganinta ta zo taimako kyauta. Ta dubi allurar, ta dubi Yusrah, hawaye ya cika mata ido. Ta ce, "Abeg, ku yafe ni. Addinina bai yarda ba, hannuna ba zai iya yi ba."

Ina wurin. Zakariya ya harzuƙa, ya ce an wulaƙanta shi don shi baƙo ne. Kafin la'asar dattawa sun rabu biyu. Wasu suka ce a sallami Nkechi, wasu suka ce dama ɗakin tazarar haihuwar nan bai dace da gidan Allah ba, a rufe shi kowa ya huta. Ni kaina, ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci da Nkechi matuƙa.

Rabaran ya kasance mutumin da ba ya saurin yanke magana, har ka ji kamar ka girgiza shi. Ya saurari kowa, sannan ya ce, "Ba zan tilasta hannun Nkechi ba, ba kuma zan mayar da Yusrah ba." Ya kira Sista Edna, wata ma'aikaciyar asibitin, ta yi allurar a ranar. Daga nan ya tsara aiki: Nkechi ta riƙe awon ciki da jarirai, Edna ta riƙe ɗakin tazara, kuma duk macen da ta zo a ranar Nkechi, ita Nkechin ce za ta raka ta har ƙofar Edna. Haka ake yi har yau. Yusrah, ina kike? Miƙe su gan ki. Ga ta can da ranta, ga yaron da ta haifa a hanya ya fi ta tsayi. Wadda ke riƙe da hannunta kuwa Nkechi ce.

Yanzu na zo inda wasu suka so in tsallake.

Kowa a nan ya san bencin baya, wanda ke ƙarƙashin kwanon da ya ɓule, inda ake ajiye roba idan damina ta faɗi. Ya kasance duk ɗan siyasar da ya shigo cocin nan, komai girman motarsa, can Rabaran yake zaunar da shi, kuma ba a miƙa masa lasifika. Yakan ce, "Idan ibada ka zo, Allah yana ji daga baya." Yakan kuma ce gwamnati ba ta karɓar haraji a hannun coci da masallaci ne domin ba shaguna ba ne. "Ranar da na sayar da mumbarin nan, na zama ɗan kasuwa, sai a zo a yanka mini haraji kamar mai tumatir."

Gab da zaɓen da ya wuce, wani babban mutum ya zo. Ban faɗi suna ba. Ya ce zai rufa cocin nan da sabon kwano, ya gyara asibiti. Abu biyu kawai yake so: a gabatar da shi a kan mumbari ranar Lahadi, sannan a rufe ɗakin Sista Edna, domin ana ta wa'azi a gari, a cikinmu Musulmi da cikinku Kirista, cewa ɗakin makirci ne na rage haihuwa, shi kuma yana so a ce shi ya rufe. Rabaran ya raka shi har mota, ya yi masa godiya, ya dawo ya gyara zaman robar nan. Ya rasu ruwa yana zuba a cocinsa. Wannan abu yana mini ciwo, don na san yana son rufin nan kamar me.

Na ji an ce tayin ya dawo tun ba a naɗe tabarmar makoki ba. Na kuma ji dattawa za su zauna a kansa da zarar mun tashi daga nan. Baba dattawa, ni baƙuwa ce a cocinku, ba ni da ƙuri'a a zamanku. Amma ni nake karɓar haihuwa daga Wuro Hausa har Namtari, kuma ni ake kira in wanke wadda ba ta tashi ba. Idan kuka rufe ɗakin nan, matan da ke zuwa ba za su yi zanga-zanga ba, ba za ku ma ji muryarsu ba. Ni ce zan riƙa sanin sunayensu. Kwano kuwa, wallahi mun saba ɗaukar roba.

'Ya'yan Rabaran, babanku bai bar muku gini ba, kun sani, mun sani. Ya bar muku unguwar da Nkechi ke tafiya da addininta cikakke, Yusrah kuma da ranta. Ku riƙe wannan, kada ku ji kunyarsa a gaban kowa.

Mama Keturah, Dada uwarmu, yau da safe an ajiye miki kujera mai laushi a gaba, kika wuce ta, kika je bencin baya kika zauna kusa da robar mijinki. Mun gani, mun kuma gane.

Ina godiya ga Jauro, da Modibbo, da fastoci, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya ba iyali haƙurin wannan rashi. Allah ya ba dattawa zuciyar da za su zauna da ita anjima. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya tsare garinmu daga komawa kwanakin gudu. Amin.

Ni zan sauka in je in zauna kusa da Mama. Duk wanda ya zo yi mata ta'aziyya, komai girmansa, ya same ta a bencin baya. Babu lasifika a can.