Ci Ka Ƙoshi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Habu daga unguwar Bani Malik, Jidda.

Hutun sallar da ya wuce na rataya jaka, na ari motar abokina, na bi ƙauyukan masunta da ke kudu da Jidda. A wani ƙauye na hangi fili fari fat a bakin teku, na ɗauka fako ne irin na gida. Ashe gishiri ne a sama, taɓo a ƙasa. Ina shiga tayoyi suka nutse. Halas, shi ke nan, ga motar aro, ga waya ba sabis.

Ina tsaye ina zagin kaina da Hausa, sai ga wani dattijo masunci. Ya kira mutanensa, suka ɗaura igiyar jirgi suka jawo motar. Ya ce yalla, wato mu je, dole sai na ci abinci.

Da aka ajiye shinkafa da kifi, ya dube ni ya ce, "Ci ka ƙoshi." Na saki baki. Ya ce da Larabci kakarsa Bahaushiya ce, aikin hajji ya kawo ta, haka take ce masa kullum, amma har ta rasu bai san ma'anarsa ba.

Na fassara masa. Sai ya ƙara mini kifi.

Don Allah ku miƙa masa gaisuwata. Baba, na ci, na ƙoshi. Allah ya jiƙan kaka.